Sa hannun dijital da matsalar tsufa: me ke sa takardar kwamfuta ta ci gaba da tabbatuwa bayan shekaru?

A jerin shagunan buga takardu da ke Samaru, daura da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, akwai wata 'yar gardama da ake yawan yi yanzu. Matashi ya zo da takardar PDF a wayarsa, a ce shaidar kammala wani kwas ce da wata cibiya ta ƙetare ta aiko masa shekara huɗu da suka wuce, yana so a haɗa masa ita da takardun neman aiki. Ranar da ta iso, in an buɗe ta a Adobe Reader koriyar alama ce ke fitowa a sama, wato sa hannun da ke cikinta lafiya lau yake. Yau mai shago ya buɗe, sai ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Ya juyo masa fuskar kwamfutar ya ce, "Abokina, an taɓa takardar nan ne?" Matashin ya rantse ko wasali bai canza ba. Gaskiya kuwa ya faɗa. Takardar tana nan yadda aka aiko ta. Shaidun da suka tsaya mata ne suka watse.

Wannan ruɗani ƙaruwa zai yi, domin doka ta riga ta buɗe ƙofa. A Najeriya, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta yarda a sa wa takardun kamfani hannu ta na'ura, gyaran da aka yi wa Dokar Shaida a 2023 kuma ya shigo da sa hannun dijital da sunansa. Da jama'a suka ji an ce ya halatta, da yawa sun ɗauka magana ta ƙare. Amma halatta daban, iya tabbatar da sa hannun bayan shekara goma ko ashirin daban. Na biyun ba doka ce ke samar da shi ba. Mai rubuta manhajar da ke sa hannun ne ke gina shi, ko ya manta da shi, tun a ranar farko.

Abu biyu da ake kira da suna ɗaya

Abin da akasarin mutane ke nufi da sa hannu ta kwamfuta shi ne hoto. Ka sa hannu a farar takarda, a ɗauka da waya, a yanko, a liƙa a ƙasan wasiƙa. Duk wanda ya iya manhajar zane ta CorelDraw zai iya ciro hoton nan daga wasiƙar bara ya ɗora shi a kan wasiƙar da mai hannun bai taɓa gani ba, cikin minti biyu. Wannan, da rubuta suna a ƙarshen imel, da danna maɓallin amincewa a shafin banki, duk suna ƙarƙashin babbar inuwar da ake kira sa hannu na lantarki. Doka na iya karɓarsu, amma idan aka yi musu, sai an nemo hujja daga wani wuri.

Sa hannun dijital lissafi ne, ba zane ba. Ba lallai ma a ga komai a fuskar takardar ba. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su ba da shi.

Na farko shi ne abin da za a iya kira dangwalen takarda. Akwai wani lissafi da ake zuba masa fayil kowane irin girma, ya fitar da gajeren jerin lambobi da haruffa. Wanda aka fi amfani da shi yanzu, SHA-256, jeri ne mai alamomi 64. In an canza ɗigo ɗaya a fayil ɗin, jerin gaba ɗaya ya sauya kamanni. Na biyu mabuɗai ne guda biyu, tagwaye: na sirri, wanda mai sa hannu kaɗai ke riƙewa, da na fili, wanda ake rarraba wa kowa. Ana sa hannu a kan dangwalen da na sirri, a duba da na fili. Tunanin ya fito fili ne a 1976 daga Whitfield Diffie da Martin Hellman, sannan a 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka kawo tsarin RSA da har yau ake aiki da shi.

Na uku shi ne amsar tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi: wa ya ce wannan mabuɗin na wane ne? Nan satifiket ke shigowa. Wata cibiya ce, mai ba da shaida, take tantance mutum ko ma'aikata, sannan ta sa nata hannun a kan cewa wannan mabuɗin na fili na wane ne, daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Ita ma cibiyar wata ce ta sama da ita ta shaide ta, har a kai ga tushe, wanda manhajar da ke kwamfutarka ta riga ta amince da shi tun daga masana'anta. Wanda ya zauna a zaurukan karatu na cikin birnin Zariya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Haka ijaza take: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a tuƙe ga wanda ba a jayayya a kansa. In wuri ɗaya ya yanke a silsilar, abin da ke ƙasa duk ya zama abin tambaya.

Ta ina tsufa ke shiga?

Tawada tana kwana a takarda shekara ɗari ba ta nemi taimakon kowa ba. Sa hannun dijital kuwa ya dogara da abubuwan da ke wajen takardar, kuma kowannensu yana da ajali.

Satifiket ɗin sa hannu yawanci shekara ɗaya zuwa uku ake ba shi. Da gangan ne, don rage ɓarna idan mabuɗi ya faɗa hannun ɓarawo. Bayan wa'adin ya cika, mai dubawa na da tambaya: an sa hannun nan ne lokacin da satifiket ɗin ke raye, ko bayan ya mutu? Kwanan watan da ke jikin takardar ba hujja ba ne, domin daga agogon kwamfutar mai sa hannu aka ɗauko shi, kuma kowa na iya mayar da agogonsa baya. Ba ma sai da mugun nufi ba: wanda ya taɓa sayen tsohuwar laftof a kasuwar Sabon Gari wadda ƙaramin batirin cikinta ya mutu ya san yadda take farkawa da safe tana cewa shekarar 2009 ake ciki.

Sai batun sokewa. Idan aka sace mabuɗi, ko ma'aikaci ya bar aiki, cibiyar na soke satifiket ɗinsa kafin wa'adi. Tana sanar da hakan ta hanya biyu: ko dai ta riƙa fitar da jerin sunayen waɗanda aka soke, wanda ake kira CRL, ko ta ajiye wata na'ura da ake tambaya kai tsaye ta intanet, wato OCSP, ta ba da amsa mai ɗauke da sa hannu cewa wannan satifiket ɗin lafiyarsa ƙalau a wannan sa'ar. Ga inda gizo ke saƙar: ƙa'idar da ke tafiyar da satifiket, RFC 5280, ba ta tilasta wa cibiya ta ci gaba da ajiye sunan satifiket a jerin sokewa har abada bayan wa'adinsa ya ƙare ba. Wato bayan 'yan shekaru, in ka je tambaya ko an taɓa soke shi, kana iya tarar da babu mai amsawa. Wannan na ɗaya daga cikin abubuwan da ke haifar da alamar ruwan ɗorawar nan ta shagon Samaru.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin irin wannan matsala. Akwai mai ruwaya amintacce da ƙwaƙwalwarsa ta rikice a ƙarshen rayuwa. Hukuncinsu shi ne a karɓi abin da aka ji daga gare shi kafin rikicewar, a ajiye na bayanta, a kuma ajiye wanda ba a san lokacin da aka ji shi ba. Satifiket da aka soke haka yake. Sa hannun da ya yi kafin sokewar yana iya tsayawa, amma sai in akwai hujjar lokaci. In babu, mai kyau da gurɓatacce tare ake zubar da su.

Cibiyar kanta na iya mutuwa. A 2011 masu kutse sun shiga kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan suka fitar da satifiket na bogi, manyan manhajojin shiga intanet suka janye amincewa da shi, kamfanin ya durƙushe a cikin shekarar. Wasu kuma ba kutse ba ne, rufe kasuwanci kawai suke yi, na'urorin amsa tambayarsu su yi shiru.

Na ƙarshe, lissafin kansa yana tsufa. MD5, wani tsohon lissafin fitar da dangwale, ya yi zamani, har masu bincike ƙarƙashin Wang Xiaoyun ta ƙasar Sin suka nuna a 2004 cewa ana iya samun fayil biyu masu dangwale ɗaya. SHA-1 ya biyo baya: a Fabrairun 2017 Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka wallafa takardun PDF biyu mabambanta masu dangwalen SHA-1 iri ɗaya. Ma'anarsa, sa hannun da aka yi wa ɗaya zai zauna daram a kan ɗayar. Yanzu idon masana na kan kwamfutar kwantum, wata sabuwar irin kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa, domin tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa in ta yi ƙarfi za ta iya karya RSA. Har yau ba a nuna wadda ta kai wannan ƙarfin ba, amma a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin sa hannu da aka tsara don su jure mata.

Abin da manhaja ke yi a cikin fayil ɗin

Maganin duk waɗannan, a taƙaice, shi ne a tara shaidu tun suna raye, a rubuta shaidarsu, a ɗinke ta a jikin takardar. Cibiyar ETSI ta Turai ce ta tsara yadda ake yi: PAdES ga takardun PDF, XAdES ga na XML, CAdES ga sauran fayiloli. Kowanne yana da matakai huɗu, kuma a PDF ne aka fi ganin yadda suke hawa kan juna.

Matakin farko, B-B, shi ne sa hannu zalla. Manhajar tana buɗe wani gurbi a cikin fayil ɗin, kamar aljihu, ta cika shi da sifilai. Ta rubuta lambobi huɗu da ke nuna daga ina zuwa ina za a lissafa, wato dukkan fayil ɗin ban da aljihun. Ta fitar da dangwale, ta haɗa shi da bayanin satifiket ɗin mai sa hannu, ta miƙa wa inda mabuɗin sirri yake. A tsari mai kyau mabuɗin ba ya zama a kwamfuta kamar sauran fayiloli. Yana cikin wata 'yar na'ura mai kama da filasha, ko wani akwatin tsaro da ake kira HSM, wanda ke yin lissafin a cikinsa ya miƙo sakamako ba tare da mabuɗin ya taɓa fitowa ba. Abin da ya dawo shi ake zubawa a aljihun. Sabon shiga a aikin nan sau da yawa yana cin karo da matsala ɗaya: ya tanadi ƙaramin aljihu, sa hannun da silsilarsa suka ƙi shiga, kuma ba dama a faɗaɗa shi daga baya, don faɗaɗawar za ta canza abin da aka riga aka lissafa.

Mataki na biyu, B-T, yana ƙara hatimin lokaci. Manhajar tana fitar da dangwalen sa hannun kansa, ta aika wa wata cibiya ta daban mai amintaccen agogo. Cibiyar ba ta ganin takardar, dangwalen kawai take gani, don haka sirrin kwangila bai fita ba. Sai ta haɗa shi da sa'a da daƙiƙa, ta sa hannu, ta dawo da shi. Ƙa'idar wannan musayar, RFC 3161, tun 2001 take. Daga nan an samu ɗan ba-ruwanmu da ya shaida cewa sa hannun ya wanzu kafin wannan lokacin.

Mataki na uku, B-LT, shi ne zuciyar al'amarin. Manhajar tana tattaro duk satifiket ɗin da ke silsilar, na mai sa hannu da na cibiyar hatimin lokaci, ta je ta karɓo amsar OCSP ko jerin CRL na kowannensu tun ana samu, ta ajiye su a wani ma'aji na musamman a cikin fayil ɗin. Mai karatu na iya cewa, ba an ce in an taɓa fayil sa hannu ya lalace ba? Tsarin PDF yana da wata dabara: ana iya ƙara sabon abu a wutsiyar fayil ba tare da an motsa tsohon ba, kamar liƙa sabon shafi a bayan littafin rajista. Sa hannun farko yana rufe abin da ya rufe, ƙarin yana zuwa a bayansa. Da wannan, wanda ya buɗe takardar bayan shekara goma ba ya buƙatar cibiyar ta amsa masa. Amsarta ta wancan lokacin tana ciki.

Mataki na huɗu, B-LTA, yana buga wani hatimin lokacin a kan komai da komai: takardar, sa hannun, da shaidun da aka tara. Amfaninsa shi ne su ma shaidun sa hannunsu zai tsufa. Kafin satifiket ɗin wannan hatimin ya ƙare, ko kafin lissafinsa ya yi rauni, sai a tara shaidar ingancinsa, a sake buga sabon hatimi da lissafin zamani a kai. Kowane hatimi yana shaidar cewa na ƙarƙashinsa lafiyayye ne a ranar da aka rufe shi. Haka za a yi ta yi, kamar yaɓen ginin ƙasa kafin kowace damina.

Babu buƙatar mai manhaja ya ƙirƙiro wannan daga tushe. Akwai kayan aiki da aka riga aka gwada: DSS na Hukumar Tarayyar Turai, iText, Apache PDFBox, Bouncy Castle, da pyHanko ga masu aiki da Python. Inda ake tuntuɓe ba a lissafin ba ne, a ƙananan shawarwari ne. Me manhajar za ta yi idan intanet ya yanke a daidai lokacin neman hatimi? A garin da wuta da sabis ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba tambayar wasa ba ce. Wasu suna rubuta ta yadda za ta wuce shiru ta fitar da takardar ba hatimi, kowa ya ga koriyar alama ya tafi, sai bayan shekara uku asiri ya tonu. Wanda ya fi shi ne ta tsaya ta yi ƙorafi, ko ta ajiye takardar a layin jira. Wani kuskuren shi ne tara shaidar mai sa hannu a manta da ta cibiyar hatimi. Wani kuma shi ne a sa hannu tukuna, sannan wata manhajar ta zo ta matse fayil ɗin ko ta ƙara lambar shafi, ta sake rubuta shi daga farko.

Ɓangaren dubawa ma yana da nasa ramuka. A 2019 masu bincike a Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun nuna cewa akasarin manhajojin karanta PDF da suka gwada ana iya yaudararsu su nuna sa hannu lafiya alhali an sauya abin da ke fuskar takardar, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce dabarar ƙari a wutsiya ɗin nan. An toshe waɗannan kafofin, amma wanda ke amfani da tsohuwar manhaja bai amfana da toshewar ba.

Inda masana suka rabu

Ba kowa ne ya yarda cewa ɗinke komai a jikin takarda ne mafita ba. Masu goyon bayansa suna cewa takardar ta zama mai cin gashin kanta: ko ma'aikatar da ta bayar ta rufe, ko shafinta ya sauka, hujjar na hannun mai ita. Masu suka suna nuna tsada da wahala. Satifiket ɗin da Adobe ke amincewa da shi kai tsaye sai daga cibiyoyin da ke jerinsa, akasarinsu na ƙetare, kuɗinsu da dala, kuma sabunta hatimi aiki ne da sai an ɗora wa wani ofishi na dindindin.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka fi gani a Najeriya: a buga lambar QR a takardar, mai shakka ya haska da waya, ta kai shi shafin ma'aikatar ya gani. Sauƙinta babba ne, tana aiki ko an buga takardar a firinta, kuma ana iya janye takarda nan take. Rauninta shi ne ranta na hannun shafin. In ba a biya kuɗin adireshin ba, ko an sauya ɗan kwangilar da ke kula da shi, lambar ta zama ado. Mai damfara kuma na iya buga tasa lambar da ke kai mutum shafin bogi mai kama da na gaskiya, kuma mutum nawa ne ke tsayawa karanta adireshi?

Akwai masu cewa a rubuta dangwalen takarda a bulokcen, wato kundin rajista da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa, irin wanda kuɗin intanet na Bitcoin ke tafiya a kansa, inda goge shi ke da wuya. Tunanin ya girmi Bitcoin: Stuart Haber da Scott Stornetta sun wallafa tsarin sarƙa hatimin lokaci tun 1991, kuma kamfanin da ya fito daga aikinsu ya riƙa buga dangwalensa a shafin tallace-tallace na jaridar New York Times, don jarida da aka raba wa dubban mutane ba ta gyaruwa. Wannan hanyar tana da ƙarfi wajen tabbatar da cewa takarda ta wanzu a wani lokaci. Ba ta faɗin wanda ya sa hannu, kuma ba ta faɗin ko mabuɗinsa na hannunsa a ranar.

Masu kula da manyan ma'ajiyai kuma sun fi son a bar takardun yadda suke, a riƙa ajiye hujjar a gefe. Akwai ƙa'ida ta 2007, RFC 4998, da ke ba da damar haɗa dangwalen dubban takardu a rufe su da hatimi ɗaya. Ga ofishin da ke fitar da sakamakon ɗalibai dubu goma a shekara, wannan ya fi arha nesa ba kusa ba. Sai dai in takardar ta bar ma'ajin ba tare da hujjarta ba, ta koma mai rauni.

A aikace waɗannan hanyoyin ba kishiyoyi ba ne. Ma'aikata na iya sa hannu a matakin B-LT, ta buga QR don mai dubawa da waya, ta kuma riƙa sabunta hatimi a kan kwafin da ke ma'ajinta. Abin da ya kamata ya yanke zaɓin shi ne tsawon ran takardar. Rasit ɗin da amfaninsa wata uku ne bai cancanci ɗawainiyar da za a yi wa takardar digiri ba.

Doka ta tsaya a ina?

Sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya karɓi sa hannu na lantarki, sashe na 84 kuma ya shimfiɗa sharuɗɗan gabatar da takardar da kwamfuta ta fitar a gaban kotu. Sashe na 17 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya ce sa hannu na lantarki a ciniki yana ɗaure mai shi, wanda ya musa kuma shi ke da nauyin kawo hujja. Ƙirƙirar sa hannun wani ta na'ura da nufin damfara na iya kai mutum ɗaurin da bai wuce shekara 7 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka biyun. Dokar ta kuma ware wasu takardu daga wannan sashen, irin su wasiyya, takardar haihuwa da ta mutuwa, da al'amuran aure da saki.

Turai ta bi wata hanyar. Dokarsu ta eIDAS, wadda aka zartar a 2014 ta fara aiki sosai a 2016, ta kasa sa hannu mataki-mataki, ta ba mafi girmansu daraja daidai da na biro, ta kuma sa kowace ƙasa ta riƙa wallafa jerin cibiyoyin da ta amince da su tare da tarihin matsayinsu. Wannan tarihin ne ke ba mai dubawa damar sanin ko cibiya amintacciya ce a ranar da aka sa hannu, ko da yau babu ita. A nan gida, alƙali zai auna ne da hujjar da aka kawo masa. Lauyan da ya zo da fayil mai hatimin lokaci da shaidun sokewa a ciki yana da abin nunawa. Wanda ya zo da takardar da aka buga daga firinta, hoton sa hannu kawai ya kawo.

Abin da ya shafi mai riƙe da takarda

Ga ɗalibin da ya gama karatu a Samaru ko Kongo ko Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, takardar sakamako abu ce da za a iya nema bayan shekara talatin. In ta zo masa a PDF mai sa hannu, asalin fayil ɗin ne takardar. Bugawa a firinta, ɗaukar hoton fuskar waya, ko haɗa ta da wasu takardu su zama fayil ɗaya a shagon kwamfuta, duk suna kashe sa hannun. Turawa ta imel ko ta WhatsApp a matsayin fayil ba ya taɓa shi. A shafin sa hannu na Adobe ana iya ganin ko akwai hatimin lokaci ko agogon mai sa hannu aka dogara da shi, da kuma ko an tanadi tabbatarwa ta dogon zango, wadda ake taƙaitawa da LTV. Jar alama na nufin sa hannun bai inganta ba, sau da yawa don an canza fayil ɗin. Ruwan ɗorawa yawanci na nufin manhajar ta kasa tabbatarwa ne, wanda zai iya zama tsufan satifiket, ko kuma kwamfutar ba ta san cibiyar da ta bayar ba. Jami'in ɗaukar aiki da bai san bambancin ba yana iya zubar da takardar gaskiya, ya karɓi ta bogi mai kyakkyawan hoto.

Ga mai sayen fili a unguwannin Dakace ko Graceland na Zariya, lamarin ya fi nauyi, don rikicin fili ba ya tashi sai shaidu sun tsufa, wani lokacin sai a hannun magada. Sa hannun dijital ba ya maye gurbin rajista a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ko amincewar gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shar'anta wajen sauya mallaka. Abin da zai iya yi shi ne kare yarjejeniyar daga sauyi, da tabbatar da ranar da aka ƙulla ta, kuma wannan ma sai in an kai aƙalla mataki na uku.

Ofisoshin da ke shirin ba da kwangilar irin wannan manhaja su ne ke riƙe da damar da ba ta dawowa. Ana iya ɗaga takarda daga mataki na biyu zuwa na uku muddin satifiket ɗin na raye kuma cibiyar na amsa tambaya. Da zarar wa'adin ya wuce ba tare da an tara shaidun ba, sau da yawa abin da ya rage shi ne a sake fitar da takardar da sabon sa hannu da sabon kwanan wata, in har mai sa hannun da ofishinsa suna nan. Don haka takardar kwangilar na buƙatar ta faɗi matakin da ake so da sunansa, cibiyar da za ta buga hatimin lokaci, inda mabuɗin sirri zai zauna da wanda zai riƙe shi in an sauya shugaba, da kuma sashen da zai riƙa sabunta hatimin ma'aji, tare da kuɗin yin hakan a kasafin kowace shekara.